Ramin da Ba a Cike Ba

Ƙarfe goma sha ɗaya, Rayfield.
Sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa ba sallama,
shayina ya huce, injin maƙwabci yana tari.
A gabana layi dubu da ɗari huɗu
da Tasi'u ya turo tun la'asar:
"Anti, a duba mini kafin Litinin."

Wasan karta ne na waya.
Nandir ta gwada a tsohuwar wayarta,
rabo na farko lafiya, na goma lafiya,
a na arba'in da biyu wayar ta ɗau zafi kamar tandar masa,
ta sandare da kati biyar a hannu,
ga shi ita ke kan ci.

Na fara da katunan.
Yaro, wa ya ce maka sai ka kira kowanne da cikakken suna?
Sarkin kubi, bakwai ɗin zi,
harafi bayan harafi, sai ka ce takardar gayyatar biki.
Su hamsin da biyu ne kacal.
Bit biyu su riƙe gida, huɗu su riƙe lamba,
shida ke nan, bayit guda har da canji.
Je ka Farin Gada da asuba
ka ga yadda Mama Kangyang ke jera tumatir a kwando:
ba ta matse shi ya fashe,
ba ta kuma biya wa iska kuɗin mota.

Na rubuta masa haka, na goge rabi.
Tumatir ɗin na bar shi.

Amma ba nan ciwon yake ba.
Wani wuri ana aron ɗaki a ƙwaƙwalwar waya
duk sanda aka raba kati,
a tashi wasa, a watse,
ba wanda ya mayar da makulli.
Ɗaki ɗaya ba komai ba ne.
Haka ma kakana ya ce, da suna haƙar kuza a Bukuru,
rami ɗaya ba komai ba ne.
Suka kwashe abin da suka zo nema, suka yi gaba,
damina ta zo ta zauna a ciki.
Har yau in za mu wuce, mahaifiyata takan riƙe hannun jikanta.

Na bi sawun aron, layi bayan layi,
alƙalamina a wase, ina shirya masa faɗa:
abin da ka ara, mayar,
ƙofar da ka buɗe, rufe,
ko a kan kuskure aka fita, a share tabarma.
Sawun ya fita daga gonarsa,
ya tsallaka wani tsohon fayil
da ba a taɓa ba shekara uku,
mai cuɗa kati, gajere, layi goma sha tara.
Wayo ya yi masa yawa, ba ko kalmar bayani.
Na ce, wane mai gaggawa ne wannan?
Na danna in ga suna.

Barira.
Watan Agusta, ƙarfe biyu na dare.
Na ma tuna ruwan da ake yi.

Laifi tudu ne, in ji mutane,
ga ni kuwa a garin tudu.
Na zauna jim, injin maƙwabci ya mutu,
unguwa ta yi tsit har ina jin fankar kwamfuta.

Layi ɗaya ya rage a saka tun wancan daren.
Na saka.
Na sa wasan ya raba kati sau dubu,
ma'aunin ya hau, ya sauko, ya hau, ya sauko,
kamar ƙirjin yaro mai barci.

Na rubuta: "Tasi'u, katunanka sun yi ƙiba, rage musu.
Ramin nawa ne, na cike.
Gaya wa Nandir ta caja waya,
muna binta wasa ɗaya."